Katkat ɗin Surukin Aisami

Duk wanda ya sayi mota a Gure cikin shekara talatin ɗin nan, in dai yana da hankali, sai da ya bi ta garajin Ya Aisami kafin ya ce ya saya. Garajin ma kada ka ɗauka wani abin a zo a gani ne. Rumfar kwano ce a bayan tasha, da rami ɗaya da aka haƙa don shiga ƙarƙashin mota, da benci mai ƙafa uku wanda aka tokare da dutse. Ni ne maƙwabcinsa na hannun dama, Fannami mai facin taya. Shekara ashirin da huɗu muna shan shayi a buta ɗaya, muna faɗa a kan wa ya girmi wani. Shi ya girme ni, ko ya yarda ko bai yarda ba. Labarin da zan bayar da hannuna a ciki dumu-dumu, don haka kada wani ya zaci wanke kaina na zo yi.

A gefen Bune aka haife shi, a wani ƙauye da ke bakin kwari. Ubansa kanwa yake haƙa yana ɗora wa raƙuma. Aisami tun yana ƙarami ya tsani aikin, don kanwa tana tsattsaga ƙafa, tana cin igiya, tana cin buhu, ko kwano ka manta kusa da ita sai ta huda shi. Ranar da wata babbar mota ta zo ɗaukar kaya ya ɗane bayanta, bai sake taka ƙauyen ba sai da gemu. Ya yi shekaru a hanyar Damagaram zuwa Diffa, ya zama direba, ya koyi aikin makanisiye wurin wani tsohon soja mai saurin mari, sannan ya dawo Gure ya yi aure ya kafa rumfarsa. Mutum ne marar yawan magana, mai taurin kai kamar jakin da ya ga ruwa. Gyara yana yi, kuma ya iya, amma ba gyara ne ya yi masa suna ba. Duba mota ne, kafin a saya.

Mutuminmu na nan, da zarar Allah ya ɗan buɗa masa, mafarkinsa na farko katkat ce, wato ƙatuwar motar nan mai ja da ƙafa huɗu, mai kujera bakwai ko takwas, wadda za ta kwashe uwa da mata da 'ya'ya ta keta yashi da su. Wasu sabuwa fil suke hari, yawanci kuwa ta hannu ce daga Kotonu ko Yamai. Ko wacce ce, tambayar Ya Aisami ta farko ɗaya ce: ina za ka da ita? In ka ce kwalta kawai, ka je Damagaram ka dawo, sai ya ce ka nemi ƙaramar mota ka huta, don katkat man gazuwal za ta yi ta sha har ka tsane ta. In sabuwa ce mai cike da wayoyi da fitilu, sai ya tambaye ka wa zai gyara maka ita ranar da ta ƙi tashi a ƙauyen Gamu, tunda mai na'urar da ke gane ciwonta yana Yamai. Masu hali ba sa son wannan tambayar. Na ga wani Alhaji ya tashi a fusace yana kaɗa riga, bayan wata biyar kuma na ga motarsa a bayan tirela an nufi yamma da ita.

Yana da wata tambayar da ke ba mutane mamaki. Sai ya ce, tsohuwarka za ta iya hawa? Wai motar iyali ce ka ce, to je ka ɗauko mai ciwon ƙafar gidanku ta gwada matakin, ka sa babban mutum a kujerar ƙarshe ka ga ko gwiwarsa za ta kai masa haɓa, ka duba in kowa ya zauna ina buhu zai shiga. Da yawa a nan suke gane ba iyali suka zo saya wa mota ba, idon maƙwabta suka zo saya wa.

Ta hannu kuwa, a nan ake ganin aikinsa. Ba ya kallon lambar kilomita, ya ce kowane shaƙiyyi ya iya mayar da ita baya. Robar birki yake dubawa, da kujerar direba, da inda hannu ya cinye sitiyari. Ba ya yarda a kawo masa mota injinta da zafi. Sai dai a bar ta a gabansa, da safe shi zai tayar da ita, ya kafa sanda a jikin injin, ya sa ɗaya bakin a kunne, ya yi tsit kamar mai sauraron huɗuba. Daga nan ya kira ni in rage wa tayoyi iska, ya tattaro ƙarti daga tasha ya cika kujeru, ya sa mai saye a gefensa, ya nufi tudun yashin da ke arewacin gari. Motar da ba ta hau tudun nan da mutum a kowace kujera ba, in ji shi, ado ce kawai.

Na ƙarshe shi ne wanda baƙi ke yi wa dariya. Sai ya sauka rami, ya lalubi ɗan hujin da ke jikin shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk motar ke zaune a kansu, ya zura yatsa, ya zaro, ya lasa. E, lasa na ce, da harshe. Domin a ƙasar nan akwai masu cire kujerun baya su mai da katkat jakin dakon kanwa daga kwari zuwa kasuwa, shekara da shekaru, ruwan kanwar yana tsiyaya yana shiga cikin shasi yana cinsa daga ciki. In sun ga ta kusa, sai su mayar da kujeru, su fesa baƙin fenti a ƙasa, su kai ta wani gari. Ido ba ya gani, ko tocila ka haska. Amma ɗan mai haƙar kanwa ya san ɗanɗanonta ko an gauraya ta da ƙurar shekara goma.

Hukuncinsa ba da baki yake yanke shi ba. In mota ta yi, sai ya buga kapo, wato murfin inji, sau biyu da tafin hannu, shi ke nan, je ka saya. In ba ta yi ba, sai ya ce a miƙo masa buta, ya wanke hannu, ya koma bencinsa. Duk Gure an san wannan. An roƙe shi, an kawo masa rago, an yi masa barazana da jandarma, bai taɓa buga wa ruɓaɓɓiya ba. Dillalai da sun ga an miƙa buta suke fara neman takalmansu.

'Ya ɗaya Allah ya bar masa a garin nan, Habsu, kuma ita ce ta fari. Ka san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa jin ya kira sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", har ta haifi uku. In ta zo gaishe shi, daga bakin zaure take durƙusawa, shi yana kallon bango yana amsawa, ita tana kallon ƙasa. Ba wai ba ya sonta ba ne, wallahi in ta yi zazzaɓi shi ma ba ya cin abinci. Duk abin da ke tsakaninsu ta bakin yayarsa Ya Kaka yake bi, wadda ta riƙe Habsu bayan rasuwar uwarta. To Ya Kaka ta rasu bara da damina, kuma daga ranar babu abin da ya rage tsakanin uban da 'yar sai ina kwana da ina gajiya.

Mijinta Zulkiflu ɗan gidan 'yan kasuwar Damagaram ne, yana da kantin atamfa da shadda a bakin kasuwa. Yaron kirki, ba zan yi masa ƙarya ba, mai ladabi, sai dai yana son a ce ya iya. Shi da surukinsa in sun hango juna a hanya, kowa kwana yake sha. Ba gaba ba ce, kunya ce, irin wadda ake yabon mutum a kanta.

Wannan kunyar ce ta sa da Zulkiflu ya tashi sayen katkat bai kawo ta garaji ba. Yaya za a yi ya zauna gefen surukinsa suna hawan tudu, gwiwa na gugar gwiwa? Sai ya saurari wani dillali, Tahiru, mai zaƙin baki, wanda ya rantse masa motar wata ƙungiyar agaji ce daga Yamai, Bature ɗaya ke shiga da jakar takardu. Aka gama ciniki, aka canza takardu. Sai da komai ya ƙare sannan ya ga bai kyautu a ce surukin Aisami ya sayi mota Aisami bai sa mata albarka ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo. Motar fara ce sol, tana ɗaukar ido, kujeru an lulluɓe su da sabuwar leda. Mahaifiyar Zulkiflu, Hajiya Asma'u, tana gaba da carbinta. Habsu da 'ya'yanta mata uku suna baya, yaran suna leƙo kai ta taga suna kiran kakansu. Mutanen tasha suka yanyame, sun fi arba'in, har da masu goro da masu kabu-kabu. Zulkiflu ya fito ya cire takalmi ya tsuguna can nesa kaɗan, ya ce da ni, ba da surukinsa ba, wai ga abin da Allah ya hore, Baba ya sa albarka.

Ya Aisami ya zagaya ta sau ɗaya. Na ga ya tsaya a ƙofar baya yana kallon kusoshin da suka riƙe kujeru, sababbi fil a jikin tsohuwar mota. Na san wannan tsayuwar. Ya ce a hau da ita kan rami. Ya sauka, ya daɗe, ya daɗe har mutane suka fara raha wai tsoho ya samu inuwa ya yi barci. Da ya fito akwai baƙin fenti a yatsansa, yana ta motsa baki kamar wanda ya tauna tsakuwa a tuwo.

Ni da kaina na kai hannu ga buta. Ya dube ni, ya dubi Zulkiflu da ke tsugune ba takalmi, ya dubi Hajiya, ya dubi jama'a. Wanke hannu a wurin nan daidai yake da ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce mijin 'yarsa wawa ne, an cuce shi da rana tsaka, uwarsa kuma na zaune tana ji. Sai ya ɗaga hannu ya buga kapo sau biyu. Aka shafa fatiha, aka raba dabino da goro, suka tafi yara suna ɗaga hannu.

Bai sha shayin la'asar ba. Sai da tasha ta yi sauƙi ya matso kusa da ni.

"Kanwa ce, Fannami," ya ce. "Daga tayar baya zuwa tsakiya babu ƙarfe, fenti ne ke riƙe da ita. In ta ɗauki kaya ta faɗa rami ɗaya a guje, rabewa za ta yi biyu."

Na tambaye shi to uban me ya kai hannunsa kan kapo. Ya ce in rufe masa baki. Can kuma ya ce shi ma bai san lokacin da hannun ya tafi ba.

Abin da ya ƙara tayar mana da hankali, saura kwana tara gidan Zulkiflu kaf su tafi Alakoss. Ƙaninsa, malamin lakwal a can, wato makarantar boko, zai yi aure, kuma don wannan tafiyar ma aka yi gaggawar sayen motar, a shiga gari da ita a gani. Hanyar Alakoss kuwa ba kwalta. Yashi ne da kwazazzabai da gangara, dole ka taka mota da ƙarfi in ba ka so ka kafe. Duk direban da ya taɓa bin ta ya san yadda mota ke tashi sama ta dawo ta daki ƙasa.

Washegari ya aike ni. Ya ce in je kanti in gaya wa yaron kada motar nan ta ƙara ɗaukar kowa, shasinta ya mutu, kuma ba abin walda ba ne. Ya maimaita mini har sau uku, sai da na ji haushi na ce ni ba kurma ba ne.

To ga inda na ɓata. Na isa kanti, Zulkiflu ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ga abokan kasuwarsa huɗu zaune suna ta yaba motar da ke fake a ƙofa. Ya ce da su ai Baba da kansa ya buga mata kapo, fuskarsa tana ƙyalli kamar ta ango. Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗa, abin da ya fito daban. Na ja shi gefe na ce Baba ya ce a riƙa lallaɓa ta, kada a cika mata kaya, in an samu sarari kuma a sa a duba ƙasanta. Kaico, ni Fannami, mai bakin da duk tasha ke tsoro, lemo ɗaya da kujera suka ɗaure mini harshe. Ya yi godiya, ya ce in Allah ya yarda da an dawo daga biki zai kawo ta. Na dawo na ce wa Ya Aisami na faɗa. Ya ce yaya yaron ya ɗauka? Na ce ya ɗauka da kyau.

Kwana biyu Ya Aisami yana ganin motar tana wucewa da yaran zuwa lakwal. Ya ce wataƙila yaron yana neman yadda zai rabu da ita ne a asirce, kada a yi masa dariya. Da ya ga rana ta uku, sai ya yi dabara. Ya sake aika ni in ce a kawo ta ya canza mata mai kyauta, nufinsa in ta shigo ya kwance mata wani abu ya ce sai an aiko daga Kano, har biki ya wuce. Zulkiflu ya dafe ƙirji ya ce Allah ya kiyaye, shi ya sa Baba ya kwanta ƙarƙashin motarsa yana zuba mai? Ya kai ta wani garajin a ranar, aka canza mai, ya aiko da godiya da ƙwaryar goro.

Daga nan Ya Aisami ya tafi da ƙafarsa wurin Tahiru dillali. Ya ce masa ya zo ya ɗauki motar ya mayar wa mai ita, ya san abin da ya sayar. Tahiru ko gezau. Ya gyara hula ya ce shi bai san wata kanwa ba, abin da ya sani shi ne babban masanin mota na Gure ya duba ta a gaban mutum arba'in ya buga. In akwai wata magana, a sake tara mutanen nan a faɗa musu. Ya Aisami ya dawo ya zauna. Ya rame a 'yan kwanakin nan, abinci sai an matsa masa. Habsu ta zo gaishe shi sau biyu a gida, ta kawo masa fura, ya amsa kamar kullum, ta tafi. Ni kuwa ina gefe ina facin taya, na san abin da na yi, kullum ina ce wa kaina gobe zan koma kanti in faɗa yadda aka aike ni. Ban koma ba.

Ranar Lahadi da safe muna buɗe rumfa, sai ga wani direba yana ba da labari wai ya biyo ta ƙofar gidan Zulkiflu, an ɗora buhunan shinkafa da akwatuna a saman katkat har ta tsuguna, mata suna ta shiga. Ya Aisami ya juyo ya kafa mini ido.

"Me ka gaya masa?"

Na faɗa, kalma da kalma, don babu sauran wurin ɓuya. Na zaci zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin da na fi jin sauƙi. Guduma kawai ya ɗauka ya kama hanya. Tsoho mai shekara sittin da bakwai da ciwon gwiwa, sai da na haɗa da gudu na cim masa.

Mun tarar injin yana aiki. Mutum goma sha ɗaya a ciki, Hajiya a gaba, Habsu a kujerar ƙarshe da ƙaramar a cinya, daidai kan inda ya ce babu ƙarfe. Maƙwabta sun fito rakiya. Zulkiflu yana ganin surukinsa a ƙofar gidansa, inda bai taɓa takowa ba, ya diro da sauri yana ƙoƙarin cire takalmi. Ya Aisami bai amsa gaisuwar ba. Ya ce a kashe inji, kowa ya sauka. Ba wanda ya motsa, don ba wanda ya gane. Ya sake faɗa da wata murya da ni kaina ban san yana da ita ba, sai ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna gyara mayafi.

Ya kwanta a yashi da farar rigarsa, ya ja jiki ya shige ƙasa. Muka ji bugu ɗaya, ba ma da ƙarfi ba, sai wani sauti kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ya matsa gaba ya sake bugawa, haka. Ya fito da tafinsa cike da ɓarɓashin tsatsa ja da wani farin gari a jiki, ya kamo hannun Zulkiflu ya zuba masa.

"Wannan shi ne shasinka. Kanwa ta cinye shi. Ba za ta kai rabin hanya ba. Duba da idonka."

Zulkiflu ya durƙusa ya leƙa. Hujin da gudumar ta yi, hannu zai wuce ta ciki. Ya daɗe a durƙushe, kuma na san ya gama ganin abin da zai gani tuni, tashin ne yake jin nauyi a gaban maƙwabta.

Hajiya Asma'u ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Malam Aisami, yau ka gani, ko tun ranar Juma'ar nan?"

Ya ce tun ranar Juma'ar.

"Ka sani ka buga," ta ce. "Kwana tara jikokina suna cikinta."

Ya ce haka ne. Bai ce ya aiki Fannami ba, ga ni tsaye kamar turmi. Na buɗe baki, ya harare ni, na rufe. Ya kaɗe rigarsa muka juyo. Daga baya na je kanti na faɗa wa Zulkiflu yadda na rage saƙon, ya ce ba komai Baba Fannami, ya ci gaba da ninke atamfa, bai ba ni kujera ba.

Sun tafi washegari a motar haya, an riga an ɗaura auren. Katkat ɗin tana nan ƙofar gida har yau. Masu walda uku sun duba sun ce babu ƙarfen da za a kama. Tahiru wai ya yi tafiya Diffa. Tayoyin sun sace, awaki ke kwanciya a inuwarta.

Kasuwa kuwa ba ta da tausayi. Sai ka ga ɗan iska ya tsaya a ƙofar kantin Zulkiflu ya tambaye shi ko akwai kanwar sayarwa, 'yan gefe su fashe da dariya. Yaron da ke son a ce ya iya ya daina zama a waje, yana can cikin kanti bayan tarin shadda. Bai yi wa surukinsa rashin kunya ba ko sau ɗaya, da sallah ma ya aiko da gaisuwa da yadi. Amma jikokin da ke biyowa ta garaji in an tashi daga lakwal, an canza musu hanya. Dillalan da Ya Aisami ya hana sakat shekara talatin su ma suka samu abin faɗa: in zai buga wa ruɓaɓɓiya don kunya, wa ya san don me ya buga wa na baya? Yanzu sai a yi wata ba a kawo masa mota dubawa ba, gyaran birki da canza mai yake yi. Raina yana ɓaci in na ga wanda ya taɓa ceta daga asara ya wuce ta gabanmu yana kawar da kai. Na ce masa ai ko ba komai ya tsare rai goma sha ɗaya. Ya ce in bar wannan maganar, shi ya zuba su a ciki.

Wata huɗu Habsu ba ta zo ba. Ran nan da la'asar sai ga ta a garaji, ita kaɗai, wurin da mace ba ta cika zuwa ba. Ba ta durƙusa daga nesa ba. Ta zo ta zauna a bakin bencin, har sai da shi ya matsa. Na yunƙura zan ba su wuri, ta ce in zauna, ai da ni aka yi.

Ta ce mijinta bai hana ta zuwa ba, ita ce ta kasa. Ta ce gidan ba daɗi. Hajiya ba ta taɓa ce mata uffan ba, amma in ta shigo ɗaki hira takan tsaya. Mijin kuma ba ya iya haɗa ido da ita, sai ka ce ita ta riƙe gudumar. Ta faɗi wannan duka a hankali, ba kuka, tana murza bakin mayafinta. Sannan ta juya ta fuskance shi.

"Baba, sau biyu na zo gaishe ka a kwanakin nan. Da ka ce mini motar nan ba ta da lafiya, da na gaya masa a ɗaki, mu biyu, ba wanda ya ji. Da ya ajiye ta ya ce inji ne ya samu matsala, shi ke nan. Ka aiki Baba Fannami, ka je wurin dillali, ka ɗauki guduma. Ni da nake zaune a cikinta da 'ya'yana, ban isa ka gaya mini ba?"

 

"Bai zo mini a rai ba," in ji Ya Aisami.

Kuma gaskiya ya faɗa, don ni ma bai zo mini ba. Kwana tara, tsofaffi biyu masu furfura, muna zaune muna neman hanya, kuma ko sau ɗaya ba mu tuna ita ma mutum ce da za a iya yi wa magana ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin wadda ake yabo ba.

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Da ta ga babu, ta miƙe, ta ce sai an jima, ta tafi. Shi kuwa bai tashi daga bencin ba har aka kira magariba, ni na kwashe masa kayan aiki na rufe rumfar.